Babur mai ƙafa huɗu a hamada: tallan “ko yaro zai iya” yaudara ce

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa ’yan Najeriya ƙofar biza a watan Yulin 2024, kamfanin Emirates kuma ya dawo da jigila zuwa Legas a watan Oktoba, tallan yawon shaƙatawa ya sake cika Instagram da TikTok da WhatsApp. Kwana biyar a Dubai, mako guda a Sharm el-Sheikh ta Masar, hutun ango da amarya a Marrakesh ta Maroko. Ba ni da ja da wannan. Wanda Allah ya hore wa, ya je ya ba idonsa abinci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne layin da ejan-ejan na tafiye-tafiye suke liƙawa a ƙasan kusan kowane talla: hawan babur mai ƙafa huɗu a hamada, ba a buƙatar lasisi, ba a buƙatar ƙwarewa, ko yaro zai iya. Wasu ma kyauta suke kiransa, wato gyara a kan ciniki.

Bidiyon da ke rakiyar tallan ya fi tallan muni. Maigida ne a gaba da babbar riga da hula, uwargida a bayansa mayafi na kaɗawa, ga ɗan shekara biyar an dasa shi tsakanin uban da kan babur. Ba mai hular kwano a cikinsu. A ƙasa kuma ana ta zuba “masha Allah” da tambayar farashi. Hujjar da ta sa kowa ya saki jiki guda ce: ƙafa huɗu gare shi, ta ina zai faɗi? Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma masu sayar da tikitin sun san haka, ko kuwa ya kamata a ce sun sani.

Masu ƙera abin ba su taɓa cewa wasan yara ne ba. Honda ta fitar da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980. Mai ƙafa ukun ya kashe mutane da yawa a Amurka, har a 1988 kamfanoni suka amince da yarjejeniya da gwamnati ta daina sayar da sababbinsa. Ƙarin taya guda bai kawo ƙarshen mace-macen ba. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka tana ƙirga ɗaruruwan mutane da ke mutuwa duk shekara a kan wannan babur da danginsa, da wasu wajen 100,000 da ake kaiwa ɗakin gaggawa na asibiti. Duk babur ɗin manya na mutum ɗaya yana fitowa daga masana’anta da takardar gargaɗi manne a jikinsa: a sa hular kwano, kar a ɗauki fasinja, kar a hau kwalta, kar ɗan ƙasa da shekara 16 ya tuƙa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a kan shekara 16 ta tsaya. A yawancin wuraren haya rana da yashi sun cinye rubutun takardar, amma abin da ta faɗa yana nan daram.

Dalilin kifewarsa a ƙirarsa yake. Babur ne mai tsayi da gajeren faɗi, mahayi kuma yana zaune can sama a kan injin, don haka nauyin ya taru a sama. Na haya yana kai kilo 200 zuwa 350, Boxer ɗin ɗan acaɓa kuwa bai wuce kilo 120 ba. A yawancinsu sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya biyu, suna juyawa da gudu ɗaya. A mota akwai na’urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan ana shan kwana. A nan babu ita, shi ya sa babur ɗin kullum so yake ya miƙe. Kafin ya sha kwana sai tayar ciki ta baya ta ɗan yi sauƙi ta zame, kuma mahayi ne ke sarrafa wannan da jikinsa: ya matso gaba, ya karkata ƙirjinsa zuwa cikin kwanar, ya rage gudu tun kafin ya shige ta. Wanda ya zauna ƙiƙam kamar yana kujerar falo ya murɗa kai da gudu, tayoyin ciki za su tashi, babur ya jefa shi waje, sannan ya biyo shi. Galibin mummunan rauni daga biyowar nan yake. Kilo 300 ne ke sauka a ƙirji ko wuya ko ƙugu, kuma wanda aka danne a yashi numfashi yake rasawa kafin a ɗaga.

Tayoyin ma ba irin na mota ba ne. Iskar da ake sa musu kaɗan ce, wajen 4 zuwa 7 a ma’aunin PSI, alhali tayar mota tana shan 30 zuwa 35. Idan taya guda ta fi ’yar’uwarta da ma’auni ɗaya kacal, babur zai riƙa ja gefe guda, kuma gejin mai faci na yau da kullum ba ya ma karanta iska ƙanƙanuwa haka. Wurin hayar da ke fitar da babura hamsin safe da yamma, sau nawa kuke tsammani yake auna wannan?

Sai masu cewa ai sun iya babur tun suna firamare. Su ne suka fi ba ni tsoro. Mai babur ya saba da sauke ƙafa idan abin ya yi tangaɗi. A kan mai ƙafa huɗu, tayar baya tana nan dab da bayan matakin ƙafa; ka sauke ƙafa tana tafe, ta taka ta, ta janyo ka ƙasa. Mai babur ya saba da kwantar da mashin a kwana, wannan kuwa ba ya kwanciya, jikinka kaɗai ke motsi. Totur ɗinsa kuma ba murɗawa ake yi ba, wani ɗan maɓalli ne da ake turawa da babban yatsan hannun dama. An yi shi haka da gangan, amma yana da tarko ga baƙo: idan mutum ya firgita sai ya damƙe hannun babur da ƙarfi, yatsan ya ƙara danna maɓallin, babur ya zabura a daidai lokacin da yake neman tsayawa. Akwai ɗan sukuru a jikin gidan totur da ake ɗaurewa don taƙaita gudu. Minti guda ya isa a ɗaure shi. Amma mai haya ya san cewa baƙo ya fi biyan kuɗi a kan babban inji, shi ya sa a hamadar Lahbab da Al Badayer ta Daular Larabawa ake jera farashi bisa girman inji, har zuwa irin su Yamaha Raptor mai kusan cc 700 wanda ke wuce kilomita 100 a awa. Ana miƙa shi ga mutumin da bai taɓa ganin tudun yashi ba sai a waya, muddin ya biya.

Ostareliya ce ta ɗauki maganar da gaske, domin manomanta ne ke mutuwa, kimanin mutum 15 a shekara, fiye da rabi ta hanyar kifewa. A 2019 ta kafa ƙa’ida. Daga Oktoban 2020 dole kowane sabon babur ya zo da kati mai nuna kusurwar da yake kifewa a kanta. Daga Oktoban 2021 kuma dole irin na aikin gona ya zo da ƙarfen kariya a bayan kujera wanda zai hana shi danne mahayi, kuma ya ci gwajin karkata: a ɗora shi kan tebur da mutum-mutumi a kai, a yi ta ɗaga gefe guda, kar tayoyin sama su tashi kafin a kai kusan digiri 29. Honda da Yamaha sun gwammace su daina sayar da irin wannan babur a ƙasar da su bi sharaɗin ƙarfen. A riƙe wannan lamba ta 29, domin gefen tudun yashi mai gangara yana tsayawa ne tsakanin digiri 30 zuwa 34. Haka busasshen rairayi yake zubewa ya tsaya a ko’ina a duniya, Dubai ko Merzouga ta Maroko ko Tenere ta Nijar. Ke nan babur ɗin da ya ci jarrabawar Ostareliya da ƙyar, a tsaye cak a kan tebur mai tauri, zai kife idan aka gitta gangaren tudu da shi a kaikaice. A yashi abin ya fi haka muni, saboda tayoyin ƙasa nutsewa suke yi su ƙara karkatar.

Tudun yashi fuska biyu gare shi. Gefen da iska ke bugawa yana hawa a hankali, yashinsa a danne yake, yana da daɗin tuƙi. Ɗaya gefen shi ne gangaren da na ambata, yashinsa sako-sako. Wanda ke hawowa ta gefen mai sauƙi ba ya ganin abin da ke bayan ƙololuwa. Yana iya zama gangare mai tsawon mita biyu, yana iya zama mita talatin. A Erg Chebbi na Maroko akwai tuddan da suka kai mita 150. Yana iya zama wani babur ko Land Cruiser ce ke tahowa daga can. Shi ya sa a manyan filayen yashi na Amurka doka ta tilasta kafa tuta a kan doguwar sanda mai tsawon aƙalla ƙafa 8 daga ƙasa, don a hango ta kafin a ga abin hawan. Ƙa’idar ita ce a sassauta totur kafin ƙololuwa, a leƙa, sannan a gangara miƙe sambal, jiki a baya, ba tare da damƙe birkin gaba ba. Wanda ya damƙe shi, tayoyin gaba za su nutse, bayan babur ya taso ya wuce ta kansa. Wanda ya zo ƙololuwa da gudu kuwa tashi sama zai yi ya sauka da goshin babur.

Hawa ma yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne rashin koyarwa ke fitowa fili. Ana hawa ne miƙe, da isasshen gudu tun daga ƙasa, mahayi ya tashi daga kujera ya ranƙwafa gaba. Idan ƙarfin babur ya ƙare a tsakiyar tudu, abin da sabon hannu zai yi shi ne ya ƙara danna totur, tayoyin baya su tona rami, gaba ya ɗaga. Ko kuma babur ya fara komawa da baya, ya taka birkin baya da ƙarfi, nan take ya wuntsila a kansa. Abin da ake koyarwa shi ne ka bar nauyinka a gaba, ka riƙe birkin gaba a hankali har ya tsaya, ka sa birkin ajiya, ka sauka ta gefen da ke sama, sannan a juya babur ɗin kana tsaye a samansa. Cibiyar koyar da tuƙin wannan babur ta Amurka tana cinye rabin yini a kan darasin farko, a fili mai laushi, kafin a je ga tudu. A wurin haya na hamada darasin minti biyar ne: ga totur, ga birki, bi bayana. Sau da yawa ma cikin Turancin da mai koyarwa da mai koyo duk ba su riƙe shi da kyau ba.

Lokacin da ake fita shi ma an zaɓe shi ne don hoto. Da sassafe yashi yana da sanyi da ɗan danshi, yana ɗaukar nauyi. Da tsakar rana ya bushe ya yi laushi, kuma babu inuwar da za ta nuna rami ko ƙololuwa, komai ya zama fari fat. Da yamma, lokacin da aka fi kai baƙi don su ɗauki faɗuwar rana, yashi ya sha zafi yini guda, rana tana cikin ido, ayarin motoci da babura duk sun fito lokaci guda. A Sharm el-Sheikh da Hurghada ta Masar ana jera babura ashirin ko fiye a layi ɗaya, ɗan jagora a gaba. Na goma a layi ƙurar mutum tara yake shaƙa, ba ya ganin na gabansa sai ya kusa dukansa. Ya kamata a bar tazarar daƙiƙa uku zuwa huɗu, a kuma sa ɗan jagora na biyu a ƙarshen layi. Ɗan jagora na biyu albashi ne, don haka sau da yawa babu shi, kuma wanda ya kife a baya sai an tsaya shan shayi ake lura ba ya nan. Ga kuma waya a hannun hagu ana ɗaukar bidiyo, alhali a yawancin samfura akwai birki a wannan hannun.

Maganar goyo ita ce ta fi ɓata mini rai. Doguwar kujerar da ake gani an yi ta ne don mahayi ya riƙa zamewa gaba da baya, ba don mutum biyu ba. Fasinja yana hana wannan motsi, yana kuma tara nauyi a bayan sandar tayoyin baya, wanda shi ne ainihin abin da ke sa babur wuntsilawa a hawa. Akwai samfurin da aka ƙera don mutum biyu, ya fi tsawo, yana da majinginar baya da mariƙi da matakin ƙafa na fasinja. Idan babu waɗannan, na mutum ɗaya ne, ko me mai haya ya ce. Dalilinsa a bayyane yake: babur guda, kuɗin mutum biyu. Yaron da aka ajiye a gaba kuwa shi ne zai fara cin karo da ƙarfen kan babur idan aka yi birki, uban kuma ya faɗo masa ta baya. Uban da ba zai bar ɗansa ya tsallaka titin Zariya shi kaɗai ba, shi ne ke ɗora shi a kan inji mai kilo 300 saboda an ce masa wasa ne.

Tufafinmu sun ƙara mana wani haɗarin da Bature mai gajeren wando ba shi da shi, kuma ban taɓa ganin tallan da ya ambace shi ba. Sandar tayoyin baya a buɗe take tana juyawa, a samfura da yawa ga cen da faranti mai haƙora a tsakiyarta. Bakin abaya, jelar mayafi, hannun babbar riga ko rawanin da ya warware, duk abin da ya taɓa wurin naɗe shi za ta yi cikin ƙiftawar ido. Idan ɗaya bakin yana wuya, shaƙewa ce ko karyewar wuya. Likitoci a Indiya da Pakistan da Bangladesh sun daɗe suna rubutu a kan matan da gyale ya shaƙe su a kan babur da keke mai ƙafa uku. Maganinsa mai sauƙi ne, kuma bai taɓa sutura ba: dogon wando, riga mai dogon hannu wadda ba ta ja, ƙaramin hijabi da aka cusa bakinsa cikin riga, takalmi mai rufe idon sawu. Silifas da takalmin fata mai buɗaɗɗen baya ba su da wuri kusa da salansa mai zafi. Hular kwano kuma ba a ɗora ta a kan zanna bukar ko ɗaurin ɗankwali ko tulin gashi. Ta zauna daram, idan an girgiza kai kar ta yi lilo, igiyar haɓa ta ɗaure har yatsa biyu kawai ke shiga. A duba bayanta ko cikinta a ga tambarin inganci na ECE ko DOT. A wurare da dama a Masar abin da ake tallata wa baƙo a bakin ƙofa shi ne rawanin Larabawa da tabarau, a naɗa masa ya yi kyau a hoto. Rawani ƙura yake tarewa.

Kafin a ba ka makulli za a miƙo takarda ka sa hannu, rubutu ƙanana, ana jiranka a layi. Abin da ke cikinta kusan iri ɗaya ne ko’ina: ka hau bisa raɗin kanka, kamfani ba shi da alhakin rauni ko mutuwa, duk abin da ya lalace a jikin babur kai za ka biya. A Dubai ma sau da yawa kamfanin da ya ɗauko ka daga otal daban, mai baburan daban. Direba zai tsaya a wani sansani a bakin hamada ya ce ga masu haya nan, wanda yake so. Idan abu ya faru kowa zai nuna ɗan’uwansa. Inshorar tafiyar da aka saya maka don cike sharaɗin biza kuwa, buɗe ta ka nemi shafin abubuwan da ba ta ɗauka. Ma’aikatar harkokin wajen Birtaniya ta daɗe tana gargaɗin ’yan ƙasarta cewa hawan wannan babur yana cikin wasanni masu haɗari da inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta cika ɗauka ba. Ko wadda ta ɗauka tana iya ƙin biya idan ba ka sa hular kwano ba, ko ka yi goyo a kan na mutum ɗaya. Karyewar ƙugu ko ƙashin baya a asibitin kuɗi na ƙasar waje, da daloli, a wannan farashin canji, ga kuɗin dawo da majinyaci a kwance cikin jirgi: gida ake sayarwa. Sannan ga ƙaramar damfarar da ta zama ruwan dare, inda za a nuna maka tsohuwar tsaga a jikin roba a ce kai ka yi. A ɗauki bidiyon babur ta kowane gefe kafin a hau, kuma kar a bar fasfo a hannun kowa a matsayin jingina.

Nisan asibiti shi ma ba ya cikin talla. Lahbab tana da kimanin kilomita 50 daga tsakiyar Dubai, kuma motar asibiti ba ta hawa tudu, sai an fito da mutum bakin kwalta ko a jira jirgi mai saukar ungulu. Daga Merzouga zuwa Errachidia, babban birnin yankin, wajen kilomita 130 ne. Lambar motar asibiti 998 ce a Daular Larabawa, 123 a Masar, 997 a Saudiyya, 15 a Maroko, amma sai inda waya ke kamawa. Abin da ke ƙarasa mai rauni kuwa sau da yawa taimakon ’yan’uwa ne: a ciccibe shi, a zaunar da shi, a fizge hular kwano, a ɗura masa ruwa. Wanda babur ya danne ana ɗaga babur ɗin ne a bar shi a kwance yadda yake, a riƙe kansa da wuyansa kar su motsa, a yi masa inuwa, a danne inda jini ke zuba. Ba a cire hular sai idan numfashi ya tsaya.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce dubban mutane suna hawa kullum suna dawowa lafiya. Haka ma dubban motoci ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, bai sa an daina ɗaura bel ba. Za a ce ajali ba ya wuce lokacinsa, kamar ba a ce mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali ba. Masu cewa a haramta abin ɗungurungum ba su da amfani a muhawarar, domin ba wanda zai saurare su a Dubai ko Alƙahira. Masu cewa sana’ar talakawan yankin ce su je su tambayi masu raƙuma na Merzouga yadda ƙarar inji ta yi da kasuwarsu da kuma shirun da baƙi ke zuwa nema.

Ita kanta hamadar tana biyan nata kason. Sawun taya a kan tudu iska na share shi cikin dare guda, amma a fili mai tsakuwa irin na Agafay kusa da Marrakesh ko gaɓar tekun Namibiya yana iya shafe shekaru masu yawa, yana murƙushe tsirrai da ramukan dabbobi da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Namibiya ta kafa gandun Dorob a 2010, ta keɓe wa masu babur wani yanki tsakanin Swakopmund da Walvis Bay, sai da izini. Dubai ta killace murabba’in kilomita 225 a matsayin gandun hamada da kamfanoni ƙalilan ke shiga. Duk mai mafarkin kwaikwayon Dubai a tuddan Tulo-Tulowa na Yusufari a jihar Yobe ya fara kwaikwayon wannan ɓangaren, domin a can ’yar ciyawar da ke riƙe yashi ita ce ke tsakanin tudu da gonakin dabino.

Laifin da na fi gani na ejan ne na gida, wanda ya karɓi kuɗi a Kano ko Abuja ko Yamai, ya ci lada a kan kowane kai, ya rubuta “ko yaro zai iya” da hannunsa. Shi ne yake jin Hausa, shi aka amince wa, shi ne kuma ke ɓacewa idan waya ta zo daga asibiti. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ta hana talla mai yaudara, hukumar FCCPC mai aiwatar da ita tana nan, ƙungiyar ejan-ejan ta NANTA ma tana nan. Ba abu ne mai wuya ba a ce duk mai sayar da wannan yawo ya rubuta sunan kamfanin da ke da baburan, mafi ƙarancin shekaru, girman inji, da ko inshorar da ya sayar ta ɗauki hawan. Kafin a kai ga haka, mai iyali da ya dage sai ya shiga yashi ya nemi ƙaramar motar nan mai kejin ƙarfe da bel da ake kira bagi, kowa ya ɗaura bel, hannu a ciki, ko ya bar direban da ya san tuddan ya tuƙa. Baligin da ke son mai ƙafa huɗu ya ɗauki ƙaramin inji, cc 150 zuwa 250, shi kaɗai, da safe, a fili mai shinge kafin tudu, ya ce a ɗaure masa sukurun totur a gabansa. Idan mai haya ya ce babu hular kwano daidai kansa, ya karɓi kuɗinsa ya koma mota, ejan ɗin da ya haɗa shi da wurin kuma ya ji daga gare shi a rubuce.